Ciyawar Takalmin Inna

Kautokeino,
watan Oktoba.

Zuwa ga Yayana Lemet,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wasiƙar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Anti Gunhild, da fatan ciwon bayanka ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa, ya kare ka a kan tekun nan da kake aiki. Mu nan lafiya lau. Mun dawo da garken bareyinmu na kiwo daga makiyayar bazara, dusar ƙanƙara ta fara sauka, Inna kuma tana nan da bakinta, sai dai gwiwa da ke damun ta. Maigidana Heika ya yi sabon rumbun shanya nama, ya karkace kamar mai shi, amma bai faɗi ba tukuna.

Dalilin wasiƙar nan godiya ce, Yaya, a kan 'yarka Ravdna. Ka san tun bara waccan hukuma ta ce bareyinmu ne suka cinye kurmin da ke gangaren makiyayar bazara, don haka ko mu yanka kusan rabin garke ko a rufe mana wurin. Garkenmu kuwa ka san shi, in aka raba shi biyu sai dai Heika ya nemi aikin gadi a gari. Da Ravdna ta zo da mutanen jami'arsu don auna ɓarnar kurmin, ban ɓoye maka ba, raina bai so ba. Gani nake an turo mana ta gida don a yanka mu da wuƙar gida.

Aikin nata ma abin dariya muka ɗauke shi. Sun kafa shingayen waya nan da can, wasu masu manyan idanu da ke hana barewa shiga amma ɓera ya wuce, wasu masu ƙananan idanu da ko ɓeran ba ya ratsawa. Kusa da kowane shinge akwai fili daidai girmansa da aka bari a buɗe don a gwada. Sai ta durƙusa da wani katako mai tsinkunan ƙarfe, tana zura tsinke tana duba ganyen da ya taɓa, wanne aka gatsa, wanne tsutsa ta huda. Ga kuma bin igiya doguwa tana ƙirga kashin bareyi. Heika ya ce wai ashe karatun nata da ka sha wahala a kai na ƙirga kashi ne. Ta ce masa ai tarbiyya ce, tun tana ƙarama aka hana ta tambayar mutum yawan bareyinsa, shi ya sa take tambayar bareyin da kansu.

To, bana da lokacin yankan ciyawar takalmi ya yi, wadda muke cusawa cikin takalman fata don ɗumin ƙafa, Inna ta ɗauki wuƙarta ta nufi bakin rafi. A shingen da ke wurin ciyawar ta yi tsawo ta yi laushi, don ba bakin da ya taɓa ta. Inna ta kwance wayar ta shiga, ta yanke ta tas, ta ɗaura wayar yadda ta same ta, ta dawo da damminta tana murna wai rabon da ta ga ciyawa irin wannan tun Baba na da rai. Da Ravdna ta gani sai ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ta ce Kaka ta kashe ta, ba ta ga allon da aka kafa ba ne? Inna ta ce ta gani sarai, barewa aka hana shiga, ita kuwa a duba kanta a gani ko akwai ƙaho.

Nan Heika ya kawo shawarar da ni ma, Allah ya sani, ta kwanta min. Ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama: yanzu cikin shinge da wajensa duk ɗaya, ta auna haka ta rubuta, kowa zai ga bareyi ba sa rage komai. Ravdna ta ce Kawu ya yi haƙuri, ba za ta iya ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta rubuta cewa shingen rafi ya ɓaci, kakarta ta yanke ciyawar don takalma, a cire shi daga lissafi. Heika ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta, ni kuma kofi ma da ƙyar nake miƙa mata.

A taron da aka yi makon jiya, mutumin hukumar ya fara da cewa yaya za a yarda da awon da 'yar gidan ta yi. Sai wata a cikinsu ta karanta maganar shingen rafi, ɗakin ya kwashe da dariya, ta ce wadda ta kai ƙarar kakarta ba za ta rufa wa barewa asiri ba. Daga nan suka saurara. Awon ya nuna bareyi suna rage ciyawa, wannan gaskiya ne, amma itatuwan kurmin sun mutu ciki da wajen shinge daidai wa daida, ganyensu duk hudar tsutsa. An ce mu riƙa jinkirta shiga gangaren har ciyawa ta kama ƙasa, amma ba yanka, ba rufewa. A mota Heika ya yi ta share ido wai iska ce, alhali gilashi a rufe yake.

Na gode, Yaya, na gode da tarbiyyar yarinyar nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan naka ne ta ɗauko, ga shi ya cece mu.

A cikin ƙunshin da zai biyo bayan wasiƙar nan akwai busasshen nama da takalman fata. Ka san tun ranar da ka bar garke ka tafi Bergen Inna ba ta sake ɗinka maka takalmi ba. Wannan ita ta ɗinka da hannunta, ciyawar da ke ciki kuma ta shingen rafi ce. Ta ce in faɗa maka ashe ba barin garken ka yi ba, makiyayiya ka tafi reno.

Ka gaida Anti Gunhild da ɗanku Mihkkal. Heika yana gaisuwa, Inna ta ce ka riƙa shanya ciyawar in ta jiƙe, kada ka ce ka manta.

Ƙanwarka,
Sunna