Hausar tawa, yabon nasa

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki?

Sani ɗan Kawu ya zo Lafiya shari'ar 'yan damfarar da suka cuci manoman Kwandere. Shekara ashirin yana kai mazambata gidan yari, yanzu babban lauya ne. Ni da muka yi aji ɗaya, har yau tafinta nake a kotu. Ya zuba Turancinsa, na yi ta mayar wa manoman da shi Hausa har muryata ta dishe. Ana tashi suka yanyame shi: "Barista, wallahi ka iya magana!" Yaya, Turancinsa ko kalma ɗaya ba su gane ba. Maganata suka ji.

Ki yi min addu'a, na kasa taya shi murna. Ki gaida Inna.

Ƙaninki, Bala