Jamusawan Gonar Shago

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na soja. Inna tana gaishe ka, ciwon ƙafarta dai yana nan yadda ka bar shi. Gero bai yi ba bana, gyaɗa kuma sai matsa mana hukuma take mu ƙara nomawa saboda yaƙi.

Ka ce a jirgin ruwa an ba ku labarin wani tsibiri, Ailan, wai mutanen bakin teku suna kai wa jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa ƙwai da madara. To, mu da ko kogi ba mu da shi, an samo mana namu Jamusawan. Wata mai itace ta ce ta ga mutum biyu farare fat a bukkar gonar Shago, Bamagujen maƙwabcinmu, yana ba su tuwo. Kafin ranar kasuwa sun zama goma a bakin mutane, har da bindigogi. Jiya dogarai suka tafi da Shago. An doke shi, ya ƙi cewa komai.

Yayanka,
Nababa

Zuwa ga Tasi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan dai, da gajiya.

Gaskiya ta fito, ban ji daɗinta ba. Ɗantani ne, ɗan Shago, da wani abokinsa. Sun gudo daga aikin tilas na haƙar kuza a Jos, ƙaswa ta cinye musu jiki, uban ya shafe su da toka da magani. Farin da aka gani ke nan. Shago ya zaɓi a kira shi mutumin Jamus da a mayar da ɗansa rami.

Da Ɗantani ya ji ana dukan tsohon, ya tako da ƙafarsa har ƙofar hakimi, ya ce ga Bajamushen nan, a saki babansa. An saki Shago. Ɗantani da abokin nasa kuwa an ɗaure su, an mayar da su Jos.

Na faɗi wannan a kasuwa har na gaji, ba mai saurare, labarin Jamusawa ya fi daɗi. Shago ba ya fita yanzu. Ni na sare masa dawarsa, na kai masa gida. Ko kallon damin bai yi ba, tambayata kawai ya yi ko ana sanyi a Jos.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayanka,
Nababa