Minti Uku da Suka Ɓace a Bidiyon Maami

Kwatano, 3 ga Mayu

Mufutau ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya Ibadan, ya iyali? Direba ya kawo mini bidiyon hirar da ka yi da mahaifiyarmu Maami kafin rasuwarta. Na zauna da biro da littafi ina fassara orikin da ta yi wa kowannenmu, wato kirarin gidanmu, zuwa Faransanci, domin jikokinta na nan su gane ranar addu'ar shekara. Ka ce in riƙa duba lambobin lokacin da ka buga a ƙasan hoton ina rubuta inda kowace magana ta fara. To lambobinka sun haukace. Agogona ya ce minti goma, naka ya ce sha biyu. Sannan a wani wuri sai ya yi tsalle, ya ƙetare wasu mintuna. Shekara goma kana wannan sana'a, haka kake yi wa masu biki? Saura sati uku. Gyara ka sake aikowa.

Yayarka, Sidikat

Ibadan, 8 ga Mayu

Anti mi,

Ina gaida ke da girmamawa, ina gaida baban yara. Laifin gudun lambobin nawa ne. Kyamarar hoto talatin take ɗauka a daƙiƙa, ni kuma na bar manhajar fitar da bidiyo a kan ashirin da biyar. Na fitar sau huɗu, sau biyu suna ɗauke wuta ana dab da gamawa, sau ɗaya lambobin suka hau kan haɓar Maami. Har na cire manhajar na sake sakawa. Kaina kamar zai tsage. Yanzu gudun ya daidaita. Tsallen nan kuwa halin na'ura ne, ki wuce shi kawai, ba zai fito a na ƙarshe ba.

Ƙaninki, Mufutau

Kwatano, 13 ga Mayu

Mufutau,

Lafiya lau muke. Ni malamar makaranta ce, na san fuskar yaron da ya yage shafi daga littafi. A sabon da ka aiko, a 14:22 kofin shayin Maami yana hannunta na dama, ɗankwalinta a ɗaure. Da ya yi tsalle zuwa 17:31 kofin yana ƙasa, ɗankwalin ya zame, idonta ya yi ja. Na'ura ce ta ajiye mata kofi? Na tambayi mai ɗaukar hoton makarantarmu, ya ce lambobin asalin ɗauka ka buga maimakon na aikin da ka haɗa, shi ya sa duk inda ka yanke suke tona ka. Kuma wurin da ka yanke, daidai inda ta gama orikin ɗan'uwanmu Wasiu za ta shiga nawa ne. Na kowa ya fara tun daga kansa, nawa daga tsakiya. Idan wata magana ta faɗa a kaina saboda na yi aure nesa ban zo jinya ba, ka faɗa mini. Kwana uku ke nan abinci ba ya shiga.

Sidikat

Ibadan, 17 ga Mayu

Anti mi,

Ki yafe mini, ƙarya na yi. Ba ta faɗi komai a kanki ba. Da ta zo kanki sai sunanki ya ɓace mata. Ciwon ya riga ya fara cin tunaninta, ke ba ki gani ba. Na buɗe baki zan tuna mata, ta daka mini tsawa: "Rufe mini baki, ni na haife ta, ni zan nemo ta." Ta ajiye kofi, tana ƙirga mu da yatsu, tana komawa farko, tana kuka. Minti uku da daƙiƙa tara. Sannan ta ce "Sidi" ta kama orikin daga inda ta tuna. Na yanke don kada ki gani a gaban jama'a. Da na latsa akwatin da ya dace a manhajar nan, da har abada ba ki sani ba, kuma wallahi haushin kaina nake ji ta kowane ɓangare. Ki faɗi yadda kike so.

Ƙaninki, Mufutau

Kwatano, 21 ga Mayu

Mufutau,

Mayar da su, duka, har daƙiƙa taran. Ka cire lambobinka daga fuskarta. Wurin ba ya bukatar fassara, yara za su gane. Tunda nake, ba wanda ya taɓa nemana haka.

Zan iso ranar Alhamis. Ka gaida matarka Ramota.

Yayarka, Sidi