Lambar Sirrin Tana Cikin Ɗakin da Aka Rufe

Zuwa ga Anti Fiddausi,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙata ta jira layi, don abin da ke gabana ba ya jira. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Badariya, Birnin Kebbi. Maigidana ya rasu, yanzu na ci kusan rabin takaba. Ɗiyata ta fari, bari in kira ta Rauda tunda ba shi ne sunanta ba, tana aure a Argungu, cikinta na fari ya tsufa. A al'ada gida za ta dawo ta haihu. Sai ga rasuwa, sannan likita ya ce jininta yana hawa, kada ta yi doguwar tafiya a mota. Ita tana can wurin uwar mijinta, ni ina nan ba fita.

Kullum muna magana ta ƙaramar wayata mai maɓalli. Amma na san yarinyar nan, halin ubanta ta ɗauko: ko wuta ke cin ta, lafiya lau za ta ce. Kwanan baya mijinta Mujtaba ya suɓuce baki ya ce ƙafafunta sun kumbura. Da na tambaye ta sai ta yi dariya. Murya tana iya ɓoye abu. Fuskarta nake so in gani.

Shi Mujtaba, Allah ya yi masa albarka, ya aiko mini da kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan kamar allo, don mu riƙa kiran bidiyo. Ba ta da wurin saka layi, sai an haɗa ta da wayifai na gida. Muna kuwa da shi. Marigayi ya saka na'urar a ɗakinsa, tana aiki da sola. Na bi duk matakan da Mujtaba ya gaya mini ta waya, na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, don ni haka nake, tun ina sakandare ba ranar da ba na rubuta abin da na yi. Na shiga saiti, na kunna wayifai, sunaye suka jeru. Na farko shi ne namu. Anti, ban taɓa sanin sunan da marigayi ya sa wa abin ba sai ran nan. Sunan da yake kira na da shi ne in mu biyu ne kawai. Na daɗe zaune ina kallonsa kafin in taɓa. Da na taɓa, sai ta nemi lambar sirri.

Ban san ta ba. Shi ke saka wa kowa da hannunsa, ni kuma ban taɓa buƙata ba. Na gwada lambar wayarsa, na gwada shekarun haihuwar yara, sunan mahaifiyarsa, sunan fadamarsu, da manyan baƙaƙe da ƙanana. Duk wanda na gwada sai in soke shi don kada in maimaita. Amsa ɗaya take ba ni, cewa an kasa haɗawa. Har tsoro ya fara kama ni kada yawan gwaji ya kulle abin gaba ɗaya.

Mujtaba ya ce galibi ana manna lambar a ƙarƙashin na'urar, in juya ta in karanta. In ta ƙi, akwai ɗan rami a bayanta da ake sokawa da allura, komai ya koma sabo. To ga inda gizo ke saƙar. Bayan sadakar bakwai, yayan marigayi, Malam Abdussamadu, ya rufe ɗakin a gaban dangi, ya ce ko tsinke kada a taɓa sai ranar rabon gado, saboda ƙannen Rauda biyu marayu ne, suna makarantar kwana. Mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa kama shi da son zuciya ba. Ya ga yadda gado ya raba wasu danginsu, shi ya sa ya tsananta.

Na aika masa matarsa Fadimatu da roƙo. Kuma ina ganin nan na ɓata rawata da tsalle. Kin san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan a gaban dangin ubanta ba, balle in aika wa yayansa cewa kewarta ta hana ni sukuni. Bakina ya ƙi. Abin da na iya cewa kawai shi ne ina son lambar intanet ɗin gida. Fadimatu ta dawo tana sunkuyar da kai. Wai Malam ya ce me ya haɗa mai takaba da intanet, in riƙe carbi, kuma bai so a ji matar ƙaninsa tana nuna fuska a bidiyo kwana arba'in da ƙyar sun wuce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Shekaranjiya ina neman makullin sito, sai na ga ashe makullin ɗakin na biyu yana cikin damin makullaina, inda yake tun da can. Malam bai tambaya ba, ni ma ban tuna ba. Tun daga lokacin na rasa natsuwa. Jiya bayan la'asar har na tsaya a bakin ƙofar da shi a hannu. Zuciya ɗaya ta ce shiga ki juya na'ura ki karanta ki fito, ba abin da kika ɗauka. Ɗayar ta ce in ranar rabo aka nemi ko agogo aka rasa, aka kuma ji kina da makulli, da wane baki za ki yi bayani, kuma da wane ido 'ya'yanki za su dube ki? Sai na koma ɗaki.

Wani lokaci in ce ko Malam ne ke da gaskiya, son raina ne kawai nake lulluɓewa da sunan uwa. Wani lokaci in ce in wani abu ya sami yarinyar nan ban ko ga fuskarta ba saboda ƙofa ɗaya, ba zan yafe wa kaina ba. Ƙanwata Jannatu tana zuwa daga Gesse duk Juma'a, ita ma na kasa gaya mata. In buɗe ko in bari? Kuma kiran bidiyon nan, da gaske ya saɓa wa takaba?

Taki,
Mai Takaba, Badariya

*

'Yar'uwa Mai Takaba,

Wa alaikis salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Kada ki buɗe ɗakin nan. Ban ce ke ɓarauniya ba ce. Amma za ki sayar da amana mai tsada don abin da wataƙila ma ba ya wurin. Ke da kanki kin ce ya canja wa na'urar suna. Wanda ya zauna ya canja suna, da wuya ya bar lambar da ta zo da ita daga kamfani. Sai ki shiga, ki karanta, ki fito, kwamfutar ta sake ce miki an kasa haɗawa. Maganar allura kuwa ki bar ta sam. Tana goge duk abin da ya saita, kuma taɓa kayan gado ne kai tsaye. Gwaje-gwajenki ba su lalata komai ba, amma ki huta haka nan.

Abu na biyu, ganin Rauda ba ya buƙatar wannan na'ura ko kaɗan. Kusan duk babbar waya tana iya raba intanet ɗinta, abin da ake ce wa hotsifot. Jannatu ta kunna nata, sunan wayarta zai fito a jerin nan da kika riga kika iya buɗewa, ki taɓa, ta saka miki lambarta, shi ke nan. Kada ki jira Juma'a. Badariya da Gesse ba Makka ba ne, ki kira ta yau, ki gaya mata gaskiyar dalili. Daga baya ana iya samo miki 'yar ƙaramar na'urar wayifai ta aljihu mai layi, ta zama taki.

Kafin ma wannan, ki kira Mujtaba. Hawan jini da kumburi ga mai tsohon ciki ba abin da uwa za ta duba ta bidiyo ba ne. Ya mai da ita asibiti a sake aunawa, kuma in ta yi kukan ciwon kai mai tsanani ko ganinta ya dushe, kada a tsaya shawara da kowa.

Sai Malam Abdussamadu. Rufe ɗakin da ya yi, 'ya'yanki yake karewa, ki gode masa. Ya yi saurin hukunci, ban musa ba, ya kamata ya tambayi dalili. Amma ki duba saƙon da ya isa kunnensa: matar ƙaninsa mai takaba tana son intanet. Amsar wannan saƙon ya bayar, ba amsar halin da kike ciki ba. Kunyar ɗan fari ado ce, ni ma da ita aka raine ni, sai dai ba a yi ta don ta tsaya tsakanin uwa da ɗiyar da ke bakin naƙuda ba. Ki roƙi ya zo tare da Fadimatu. Ki miƙa masa makullin da hannunki, ki ce yanzu kika gan shi. Sannan ki faɗa masa a fili cewa ɗiyar ƙaninsa ba ta da lafiya, ita kike son gani. In sunanta ya yi miki nauyi, ki ce yarinyar Argungu, zai gane.

Ni ba malama ba ce, amma a iya sanina takaba zaman gida ce da barin kwalliya, ba yanke zumunci ba, kuma mijin ɗiyarki muharraminki ne. Tunda shi malami ne, ki sa masa tambayar a gabansa, har da hukuncin zuwa dubiya da rana in larura ta kai. Mai tsoron Allah irin wanda kika siffanta ba ya jin haushin a tambaye shi.

Kin tsaya a bakin ƙofa da makulli, ba mai ganin ki, kika juya. Ki daina tuhumar kanki da son rai. Kira Jannatu, ki gyara zama inda haske yake, don ita ma yarinyar tana can tana son ta ga yadda uwarta ta koma. Allah ya sauke ta lafiya, ya sa ki fita takaba da jika a hannu.

Taku,
Anti Fiddausi