Babin Kabitano da Kawu Barau

Talata, 1 ga Rajab, 1316. Birnin Kudu.

Da sunan Allah na buɗe wannan kundi, domin idona kaɗai. Yau kwana tara da dawowata daga Kano, bayan shekara bakwai ina durƙushe gaban malamai. Na sha nahawu, na ƙoshi da balaga, mantiƙi kuwa ban bar masa lungu ba. Garin yana nan yadda na bar shi: mutanen kirki ne, masu ƙarancin tahaƙiƙi.

Malam Abdulsalami, wanda ba a yanke fatawa a garin nan sai an bi ta zaurensa, yana neman magatakarda. Ya ce mai so ya kawo ta'alifinsa ya karanta a majalisa ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Mu biyu ne, ni da Sada, abokin karatuna na allo. An ce shi a kan alwala zai yi rubutu. Allah ya ba shi sa'a, rijiya ce da kowa ya ja ruwanta.

Ni kuwa zan zo musu da abin da kunnensu bai taɓa ji ba: tarihin mashahuran mayaƙan ƙasar Italiya, tun daga zamanin Rumawa. Ina da wani littafin Larabci bugun Masar da wani falke Bagadamushe, daga ƙetaren hamada, ya ba ni a Kano. Shi ne madogarata.

Juma'a, 4 ga Rajab.

Babi na farko ya kammala, a kan Sibiyo, wanda ya ƙetare teku ya karya rundunar Hanibal a ƙasar da ake kira Tunis yanzu. Daga baya mutanen garinsa suka tuhume shi, ya yi fushi, ya koma gonarsa, can ya mutu. Muƙaddamar ta yi kyau ƙwarai. Na karanta ta sau huɗu.

Lahadi, 6 ga Rajab.

Babi na biyu, Justiniyani na birnin Januwa. Da mutum ɗari bakwai ya je ya tsare ganuwar Kustantiniya lokacin da Turkawa suka kewaye ta. Ran ƙarshe aka raunata shi, aka ɗauke shi zuwa jirgin ruwa, mutanensa suka ga an tafi da shi, suka karaya, birni ya faɗi.

Na uku Garibaldi. Ɗan jirgin ruwa ne tun farko, ya yi yaƙi har a Amurka ta Kudu, ya dawo ya ci tsibirin Sikiliya da mutum kamar dubu masu jajayen riguna, ya miƙa wa sarki, ya koma wani ɗan tsibiri yana noma.

Na karanta wa Inna Turai tana tankaɗe. Ta ce, "To, Hambali, tunda duk a gona suke ƙarewa, me ya hana su fara da ita, su huta da kashe 'ya'yan mutane?" Na yi mata bayanin cewa wannan istinbaɗi ne mara tushe. Ta ce in ɗaga ƙafata daga kan faifanta.

Litinin, 7 ga Rajab.

Inna ta ce in je Maruta, ta ƙasar Gwaram, in gai da wanta, Kawu Barau. Ya tafi hajji ina yaro, shekara goma sha ɗaya ba labari, har an fitar da rai, sai bana ya dawo. Mai gari ya yanka masa gona mai kyau saboda darajar aikin hajji, sahun gaba aka ba shi a masallaci. Zan tafi da takarduna, kada kwanakin su salwanta.

Alhamis, 10 ga Rajab. Maruta.

Kawu ya rame, ya yi baƙi, ga tari, ba ya son magana. Alhaji nan, Alhaji can, mata na kawo jarirai ya shafa musu kai. Ana girbin dawa. Ya miƙo mini lauje, na nuna masa cewa hannun alƙalami ne. Ya ce, "Haka ne, ɗana. Zauna a inuwa kada ilimin ya narke."

Juma'a, 11 ga Rajab.

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi daki-daki.

Da rana muna hutawa gindin ɗorawa, mu biyu, na ce bari in jiyar da shi wani abu. Na karanta masa inda na siffanta yadda Italiyawan wannan zamani ke jera sahun yaƙi, da kwalkwali, da dogayen masu. Daga ƙiyasi na samo wannan, littafin bai faɗa ba. Yana gyaran ƙotar laujensa, bai ko ɗago ba, ya ce, "Ba su da mashi. Sahu biyu suke yi, na gaba ya durƙusa, na baya ya tsaya. Ba mai harbi sai an busa."

Na ce a wane littafi ya gani.

Ya ajiye laujen. Sannan ya ce shi bai ga Makka ba. Ya kai bakin teku, garin Masawa, ba guzuri, ga ciwo, abokan tafiya sun haye sun bar shi. Italiyawa ke riƙe da garin, suna ɗaukar baƙaƙen mutane aikin soja, askari suke ce musu. Ya shiga don ya ci abinci ya sami na jirgi. Shekara bakwai ya yi.

Na ce, "Amma Kawu, ana ce maka Alhaji."

Ya ce, "Ban ce su ce ba. Ran da na shigo gari da guɗa aka tarye ni. A tsakiyar guɗa zan tsai da su?"

Lalle wannan al'amari ne mai girma ta fuskar shari'a. Ta fuskar ta'alifi kuwa, taska ce. Shaidar gani da ido.

Asabar, 12 ga Rajab.

Ya ce in rubuta shugabansu. Sunansa ya ƙi zama a bakin Kawu, Kabitano kawai suke kiransa, wato mai mutum ɗari da wani abu. Na tambaya wane birni ya ci. Babu. Wane sarki ya kayar? Babu. Na bayyana masa cewa littafina na mashahurai ne. Ya ce, "Kai dai rubuta. In tawada ce ni zan dafa maka."

Ga abin da na tsinta. Gajere ne, mai furfura, ɗan manomin zaitun. Ba shi da uba a fada, shi ya sa yara suka yi ta wuce shi a muƙami. Yana tsoron kunama fiye da harsashi, kullum sai ya zazzage takalminsa sau uku, askarawa na dariya. In azahar ta yi yakan tsai da tafiya har su idar da salla. Duk Lahadi yana rubuta wa uwarsa wasiƙa. Ya taɓa dukan Kawu da bulala saboda tsatsa a bindiga, ya kuma taɓa goyon sa a baya ran da zazzaɓi ya kayar da shi a hanya.

Babu balaga a cikin wannan ko kaɗan.

Litinin, 14 ga Rajab.

Yau ya faɗi wanda ya fi nauyi. Sun yi yaƙi da mutanen Mahadi, a Agordat da Kasala. Na ce Musulmi ke nan. Ya ce, "Suna tahowa suna kabbara, mu ma a durƙushe muna kabbara. Aka busa."

A ƙasar nan akwai gidaje da yawa da 'yan uwansu suka yi hijira gabas don su bi Mahadi. Mai garin Maruta kansa ƙanensa na can. In wannan ta fita, ba sunan Alhaji kaɗai Kawu zai rasa ba. Gonar za ta tafi, zaman garin ma ba na jin zai yiwu.

Na rubuta wannan don cikar bayani ne kawai.

Talata, 15 ga Rajab.

Ƙarshen Kabitano. A Aduwa ne, ƙasar Habasha, shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce. Takardar da aka zana musu duwatsu a kai ba daidai take ba, rundunarsu ta yi gaba da yawa, ta rabu da sauran. Habashawa suka rufe su. Da harsashi ya ƙare, Kabitano ya ce wa waɗanda suka rage su tuɓe jar hula da ɗamara, su bi kwazazzabo. Kawu ya ce masa ya zo su tafi. Kabitano ya nuna masu rauni da ke kwance, mutum kamar goma sha biyu, ya zauna a kan dutse kusa da su, ya cire takalminsa ɗaya yana zazzagewa. Nan Kawu ya bar shi.

"Ba wanda ya san ya zauna sai ni," in ji shi. "Uwarsa ma ba ta sani ba. In na mutu shi ke nan, bai zauna ba."

Na yanke lauje biyu-uku na dawa da yamma, don motsa jini.

Lahadi, 20 ga Rajab. Birnin Kudu.

Babi na huɗu ya fi sauran ukun nesa ba kusa ba. Ban san dalili ba, alhali shi ne mafi ƙarancin lugga.

Mushkila ɗaya. Malam Abdulsalami ba ya karɓar labari sai da sanadi, wato wa ya faɗa maka, shi kuma ina ya samo. Ukun farko littafi ya tsaya musu. Na huɗu sai mutum. Na rubuta a kansa: "Kawuna Barau na Maruta ya ba ni labari, shi kuwa ya halarta da kansa." Ƙa'idar ilimi ke nan, ba ni na kafa ta ba. Mai ɓoye sanadi maha'inci ne a wurin malamai.

Da zan taho na gaya wa Kawu haka. Ya ce, "In sai da sunana za su yarda ya zauna, to, faɗi." Saboda haka ina da izini. Hujjata ta cika ta kowace fuska.

Talata, 22 ga Rajab.

Inna ta sani. Tun ran da ya dawo ta sani, wai ta tambaye shi ruwan Zamzam ya kau da kai. Ba ta roƙe ni komai ba. Cewa kawai ta yi, "Shi ya ɗauke ka a wuya ya kai ka makarantar allo ran farko, kana ta fitsari a rigarsa." Wannan ba hujja ba ce.

Laraba, 23 ga Rajab.

Ban yi rubutu ba.

Alhamis, 24 ga Rajab.

Zauren ya cika. Sada ya fara, ya yi alwalarsa lafiya, ba kuskure. Ni na karanta ukun farko, aka yi ta gyaɗa kai, wani dattijo ya yi gyangyaɗi a kan Justiniyani. Da na shiga na huɗu zauren ya yi tsit. Inda Kabitano ya zauna a kan dutse, na ji wani ya ce, "Allah sarki, kafiri da wannan hali."

Na tsallake layin farko, na sanadi, tun da na fara. Malam ya lura.

Ya ce, "Malam Hambali, wannan ba daga littafin Masar ba ne. Daga wa?"

Na ce daga wani matafiyi.

"Matafiyin ba a raɗa masa suna ba?"

Aka yi dariya. A bakin ƙofa akwai mutum biyu 'yan Gwaram da suka zo neman fatawar gado. Takardar na hannuna, sunan na nan a sama, da jar tawada ma na rubuta shi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan ambace shi ba."

Ya ce ya gani da idonsa ne, ko shi ma ji ya yi? Na ce wannan ma ba zan faɗa ba. Ya ce to, labarin wanda ba a sani ba daga wanda ba a sani ba, sunansa tatsuniya, mai daɗi kuwa, a kai wa yara. Ya ce magatakarda amana yake ɗauka, ba ya rubuta abin da ba zai iya tsaya masa ba. Ba da fushi ya faɗa ba. Bisa ƙa'ida gaskiyarsa ne, da ni ne a kan buzun haka zan hukunta.

Sada zai fara aiki ran Asabar. Ya riƙe hannuna a waje ya ce, "Shehun nahawu, yau fa'ili ya ɓuya, ga aiki ba mai aiki." Na yi masa murna da lafazi mai kyau.

Talata, 29 ga Rajab. Maruta.

Na zaci Kawu zai gode. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Wato sun ce bai zauna ba."

Na ce sun ce ba a tabbatar ba.

"Ɗaya ne." Ya juya ya ci gaba da ɗaurin dami. Na taya shi ɗauri, tunda ba wani abin yi.

Alhamis, 1 ga Sha'aban.

Yau bayan azahar ya same ni bayan rumbu. Ya ce wasu mutum uku na garin za su tafi hajji bayan sallar azumi, sun ce ya ja su tunda ya san hanya. Ya amsa. Hanyar kam ya sani, har bakin teku. Abin da ke bayan teku ne bai sani ba, kuma kullum suna tambayarsa. Ya ce in koya masa, daga ɗaura harami har jifa, yadda zai gane, "ba da wannan Larabcin naka mai ƙaya ba."

Ya ce in Allah ya sa ya haye ya dawo, sai in mayar da sunansa kan babin in karanta ko a kasuwa ne. A lokacin ko an kore shi, Alhaji aka kora.

Mun fara. Ya kasa riƙe yawan zagayen Safa da Marwa, sai da na jera masa tsakuwa. Na lura bayani yana shiga in kalmomin gajeru ne. Wannan nakasu ne na mai sauraro, ba na ilimi ba.

Mutum mai shekarunsa, da tari irin nasa, da wuya ya kai Masawa ba mai kula da shi. Sauran ukun kuwa ko wasiƙa ba sa iya karantawa. Wannan lura ce kawai, ban ƙudurta komai ba.

Na ba baduku takalmana ya ƙara musu fata biyu a ƙasa. Dama sun tsufa.