Kyanwar Mabel Ta Rame

Tunga, Minna.

Zuwa ga Yaya Rukayat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

Yaya, azumin nan da kuke ta yabona a kai, ba azumi ba ne. Tsoron abinci nake. Da na ga tuwo sai gabana ya faɗi. Gashina ya zube, ɗinki ma na daina karɓa, don taka keken ya fi ƙarfina.

Kin san Mabel maƙwabciyata, 'yar Kafanchan. Kullum sai ta aiko min da kwanon faten acca, ni kuma in mayar mata da shi wankakke, har da santin ƙarya. Kyanwarta ce ke cinyewa. Munafukar ta yi ƙiba har ɓera ya wuce ta gabanta sai dai ta raka shi da ido. Mabel ta kai ta wajen likitan dabbobi tana murnar ciki ne. Ya ce ba ciki ba ne, faten acca ne.

Ranar da na faɗi a cikin Keke Napep, Mabel ba ta yi min faɗa ba, asibiti ta kai ni. Likita ta ce ciwo ne sananne, kuma ya fara taɓa zuciyata. Wallahi na tsorata, Yaya. Na ce a yi min magani.

Ƙanwarki,
Barira.

Zuwa ga Yaya Rukayat,

Ina gaida ki da kyau. Na ga saƙonki, kuma ki daina kukan nan.

Ina zuwa asibiti duk mako. Mabel kuwa ta daina aike, da kanta take kawo kwanon, ta rufe kyanwar a ɗaki, ta zauna mu ci tare. Har wajen Malam Ladan limami ta je ta tambayo ranakun azumin nafila don kada in fake da azumi, yanzu ta fi ni saninsu. Wata rana ina ci ina kuka, wata rana in kasa. Jiya dai na cinye.

In na zo gida, don Allah kada kowa ya ce na rame ko na yi ƙiba. Ku sa min kwano kusa da na Inna kawai.

Kyanwar ta rame, ta daina kula ni, shekaranjiya har ta kama ɓera. Ban taɓa jin daɗin gabar wani kamar tata ba.

Taki har kullum,
Barira.