Wurin da Namtan Kaɗai Ya Sani

Ban Huai Sai, watan Afrilu

Zuwa ga 'yata Saithong,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Bangkok? Ya tarin jikana? Ni da sauƙi, ban da gwiwa.

Jiya na gane abin da karen nan Namtan yake yi mini wata biyar. Kin san wasiyyar babanki: in an ƙona gawarsa, a zuba tokar a inda yake tono naman kazan daji, wanda ke tsirowa a ƙasa da damina. Yana kwance na tambaye shi ina ne wurin, ya ce Namtan ya sani. Shekara talatin da huɗu ina dafa masa shinkafa, amma kare ya fi ni amana.

Tun lokacin sanyi nake bin Namtan cikin daji kowace safiya. Na bi shi raɓa tana jiƙa mini zane. Na bi shi ganye ya yi ja ya zube, muna tafe ƙarar takunmu kamar ana suya. Yanzu an cinna wa dajin wuta kamar kowace shekara, ƙasa ta yi baƙi, hayaƙi ya hana ganin dutse. Kullum sai ya zagaya da mu, ya kai mu bakin rafi, ya kwanta yana hamma.

Na ce “mu” don Goggonki Fongchan ba ta taɓa barina na tafi ni kaɗai ba. Wai tana tsoron maciji ya sare ni. Da kwando take zuwa. Ke dai kin san irin macijin da take nema. Jiya ta shiga bayan gora don ta kama ruwa, sai Namtan ya ɗaga kunne ya miƙe gabas, ba waiwaye. Tana fitowa ya juya rafi. Haka babanki yake yi in ya ji ana bin sawunsa. Ya koya wa kare rowa, ya tafi ya bar ni da shi.

Gobe zan ce wa Fongchan ciki ke damuna.

Mahaifiyarki,
Buakham

Ban Huai Sai, watan Yuni

'Yata Saithong,

Ina gaishe ki da maigidanki, da fatan kowa lafiya. Na ga wasiƙarki. Kin ce ku zo ku duka, har da malamin haikali, a yi abin cikin mutunci. Ku zo ku sha iskar rafi, don can Namtan zai kai ku.

Sai da na yi sati uku ina ƙaryar ciwon ciki kafin Fongchan ta haƙura, bayan ta ɗura mini jiƙo mai ɗaci har sau biyar. Kafin nan ruwa ya sauka. Dajin ya canza fuska, toho ko'ina, ciyawa ta cinye hanya, matsattsaku sun cika ƙafata. Ko yau aka ce na koma ba kare, ɓata zan yi.

Ranar Talata na ɗaure tulun tokar a bayana na bi shi. Wurin ba komai ba ne: gangare, wani kututture, da dutsen da babanki ya goge da zama. Ƙasa duk ta tsattsage, naman kaza na leƙowa. Namtan ya kwanta gefen dutsen, ya bar masa wurinsa.

Na zauna na yi wa babanki faɗa tas. Na ce, “Tsoho mai baƙar rowa, a kan wannan ka wahalar da ni?” Na buɗe tulun. Sai na ga in na zuba, ba ni da wanda zan yi wa faɗa a gida. Na rufe, na cika gefen zanena da naman kaza, muka dawo mu uku.

Fongchan ta ji ƙanshin miya ta leƙo, na ce a kasuwa na saya.

Kada ki yi fushi da ni. Namtan ya fara tsufa, na sani, kuma damina ba ta jira. Babanki yana nan a kan kantar ɗaki kusa da rediyo. Ban zuba shi ba tukuna.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Buakham